Sifirin da Ya Daka Kifin Inna Kulu

Ku da kuke zaune a inuwar garejin nan kuna miƙa wa juna waya, na ji abin da kuke faɗa. Wai sauke mota ƙasa ba wani aiki ba ne, noti ne kawai za a murɗa, ga shi wani ya yi a bidiyo kafin shayi ya huce. Ban musa ba, notin yana murɗuwa. Ni ma na murɗa shi tun muna jihar Sakkwato, tun ba a yanko Kebbi ba, kuma ribar da na ci ita ce sunan da tsofaffin direbobin tashar Yelwa suke kirana da shi har yau, Ummaru Gari. Ba garin da ake zama ba, garin da ake tankaɗewa. Ku gyara zama ku ji inda ya fito.

Ubana masunci ne. Da ruwan tafkin madatsa ya ci gungunmu, tsibirin da muke zaune, aka maido mu tudu, sai ya duba 'ya'yansa ya ga kowa ya iya jan taru ban da ni, da nake shiga kwalekwale hanjina ya fara juyawa tun ba a bar gaɓa ba. Ɗan masunci mai amai a ruwa ba abin nunawa ba ne. Ya kama hannuna ya kai ni bayan tasha wurin Oga Yohanna, wani Bakambare daga ƙasar Ngaski da ya koyi kanikanci a hannun masu ginin madatsa. Garejinsa gindin dalbejiya ne da rumfar kwano. Kayan aikinsa kuwa jak guda mai yoyon mai, sifanu a cikin tsohon akwatin soja, guduma, zarto, gumaguman giginya da muke tokare mota da su, da wata sandar gora da ya yi wa tsage-tsage da wuƙa don auna tsayin mota. Akwai kuma wasu dogayen ƙarafa biyu masu zare da ƙugiya, waɗanda ake matse sifirin ƙafar mota da su. Su kaɗai yake kullewa idan zai fita.

Aikin farko da na yi ni kaɗai, ban da izininsa. Wata Lahadi ya tafi coci, wani mai motar wagon ya zo da shokazobar gaba ta fashe tana zubar da mai. A irin motocin nan da ake haɗawa a Kaduna, shokazobar gaba a cikin naɗin sifirin take, ba ka fitar da ita sai ka matse shi. Ƙarafan matsi suna kulle, ni kuwa na ga ana yi, kuma a ganina wanda ya ga ana yi ya iya. Na samo igiyar rama na ɗaure sifirin tun mota tana zaune a kansa, na ɗaga jak, na kwance notin sama. Igiyar ta yi ƙara sau ɗaya. Abin da na sani shi ne wata iska ta wuce ta gefen kunnena, sai na ji kwanon rufin telan da ke tsallaken hanya ya amsa kamar an buga ganga. Telan ya fito da almakashi a hannu yana salati.

Da Oga ya dawo bai dake ni ba. Ya sa na hau rufin na ɗauko sifirin, na ajiye a gabansa, ya ce in durƙusa in ba shi haƙuri, ba shi Oga ba, ƙarfen. Na durƙusa a gaban direbobi na ce wa sifirin ya yi haƙuri.

"Abin da ke ɗauke da mota da mutanen cikinta, kai ka ɗaure shi da igiyar akuya," in ji shi. "Yau ya yi maka kara, ya bi ta gefe."

A hannunsa na koyi cewa sifirin shi ke ɗaukar nauyi, shokazoba kuwa ita ke hana shi rawa bayan ya ɗauka. Na koyi cewa ba a auna tsayin mota a kan yashi, sai mu tura ta zuwa wani dandamalin siminti da ke gaban tsohon sito, mu jijjiga ta ta zauna, sannan a ɗora sandar gora daga tsakiyar taya zuwa bakin jikin mota, kusurwa huɗu, ana kwatanta hagu da dama. Na kuma koyi cewa direba ba ya faɗin gaskiyar lodinsa ko a kan tabarmar salla. Oga ba ya ma tambaya. Ya buɗe but ɗin baya ya shinshina, ya leƙa ƙasa ya duba robar da ke tare aksil, ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya, idan mota ta zauna har ƙarshe. In ta lallatse, ya san mai cewa fasinja kawai yake ɗauka yana haɗawa da buhunan shinkafa.

Aikin da ya juya mini kai ya zo ne ina dab da samun 'yanci daga hannun Oga. Wasu Turawa biyu 'yan tseren mota suka tsaya a garejinmu, suna kan hanyarsu ta arewa, salansarsu ta tsinke suna neman walda. Motar duk lambobi a jiki, fitilu jere a goshi. Da aka ɗaga ta na shiga ƙasa, sai na ga abin da ban taɓa gani ba. Jikin shokazoba zare ne kamar kusa, mazaunin sifirin kuwa wani faffaɗan noti ne da ake murɗawa. Ɗayan Baturen ya ga na ƙura ido, ya ɗauko wata sifana mai kama da lauje ya murɗa, ya sauke jak, gefen motar ya ɗaga. Ya sake murɗawa ya koma. Ya yi dariya ya buga kafaɗata, suka tafi. Oga ya ce kayan wasan masu kuɗi ne, ya koma kan aikinsa. Ni kuwa abin ya zauna mini a ƙoƙon kai. Na yanke wa kaina hukunci cewa wanda ya mallaki wannan noti ya mallaki komai, tsayi da tauri da laushi, duk a murɗi guda. Ba wanda ya gaya mini haka. Ni na gaya wa kaina, na kuma yarda, don mai maganar ya yi kama da mai hankali.

Da na buɗe tawa rumfar a hanyar Koko, babban mai kawo mini aiki shi ne Bala Kibiya. Direban wagon ne, siriri, mai hula a karkace, kuma sunan ya dace da shi, don in ya bar Yelwa bayan asuba yakan ce a ajiye masa abincin rana a Sakkwato. Motar ba tasa ba ce, ta Inna Kulu ce, wata dattijuwa dillaliyar kifin banda. Takan bi Wara da ƙauyukan bakin ruwa ta tara tarwaɗa da kurungu daga hannun matan da ke banda, ta shirya a kwanduna, Bala ya kai wa 'yan kasuwa a birni. Kifin banda darajarsa a cikar siffarsa take, mai saye yana son ya ga kai da wutsiya a naɗe. Wanda ya karye, sai a sayar wa masu tuwo-tuwo a kan abin da ya samu.

Kukan Bala kullum ɗaya ne, motar tana kwanciya a kwana kamar jirgin da ya sha lodi gefe guda, dole ya ɗaga ƙafa. Na ce masa na san maganinta, na ba shi labarin Turawa, na ƙara gishiri. Ya ce in yi, Inna Kulu ba ta leƙa ƙasan mota.

Na samo bututun rijiyar burtsatse mai kauri, na kai wa wani mai aikin famfo ya yanka mini dogon zare a jiki, na yanka soket ɗinsa ya zama noti, na yi masa waldar faranti don sifirin ya zauna. A gaba na yanke mazaunin asali na zura bututun a jikin shokazoba. A baya, inda wagon take da sifirin biyu-biyu kowane gefe, na kafa wa kowanne nasa. Sai maganar sifirin kansa. Na tuna yadda kwandunan Inna Kulu suke cika mota har rufi, wasu a ɗaure a sama, na ce wannan lodi sai ƙarfe na gaske. Na je wurin 'yan gwangwan na ciro sifirin wata tsohuwar motar daji, mai kaurin babban yatsa. Ya yi tsawo, na sa zarto na rage naɗi. A lokacin ban san cewa duk naɗin da ka yanke ƙara masa taurin kai kake yi ba. Na ɗauka abin da aka rage ya ragu.

Muka gwada a kwalta, wajen gari inda hanya take sumul. Motar ta sha kwana kamar an ɗora ta a kan layin dogo. Bala ya fito yana cewa Ummaru kai Bature ne da aka haifa baƙi. Na karɓa ban yi gardama ba. A ranar na sa mai fenti ya ƙara wa allon rumfata kalmar Injiniya.

Ranar kasuwar Wara suka yi lodi, Bala ya wuce Sakkwato kai tsaye. Da ya dawo bai zo garejina ba. Inna Kulu ce ta zo, a ƙafa, da buhu a ka. Ta sauke a gabana, ta kwance bakinsa, ta ɗebo da tafin hannu ta bar shi yana zuba ta tsakanin yatsunta. Gari ne, ja-ja, da 'yan ƙayoyi da idanun tarwaɗa nan da can. Maƙwabtana masu faci da masu walda suka taru.

"Ummaru, an ce mani kai ne mai sabon injin niƙa," ta ce, ba tare da ta ɗaga murya ba. "Na zo in ji ko kana karɓar gero."

Na fara bayani. Na ce hanya ce, na ce gudun Bala ne, na ce wataƙila kifin ya sha wuta da yawa. Ta bar ni na gama. Ta ce shekara da shekaru hanyar tana nan, Bala da gudunsa aka haife shi, matan da suka yi bandar kuwa tun kafin a yi mini kaciya suke yi. Ba ta nemi in biya ta ba, ta san ko an sayar da ni da rumfar ba za a tashi kwando uku ba. Abin da ta ce shi ne, kasuwa mai zuwa da ni za a je, kuma ba a gaba zan zauna ba.

Haka aka yi. A Wara ta cika kwanduna da ciyawa, don ba za ta sake ba ni kifinta in daka ba, ta sa aka jera su kamar lodin gaske. Kwando guda kaɗai ta zuba wa kifi, ta ɗora mini a cinya, a can baya, daidai kan aksil. Na gwada ɗaga shi. Ba shi da nauyi. Kwandon da ya kai ƙirjina, da hannu ɗaya ana ɗaga shi. Kifin banda ruwansa ya riga ya tafi da hayaƙi, girma ne kawai a ido. Ashe na shirya wa mota ƙafafun ɗaukar siminti, ita kuwa kusan iska take ɗauka.

Hanyar Wara a lokacin jar ƙasa ce mai gargada, irin wadda take jere kamar haƙarƙari. Muna hawa na gane abin da kifin ya gani. Bayan motar bai lanƙwasa ko kaɗan ba, tsalle yake yi, tsohuwar shokazoba ta kasa riƙe wannan ƙarfe. Kaina ya gaisa da rufi, na ciji harshe, hulata ta bar ni ta koma gaba wurin manya. Kwandon yana tashi ina tashi, amma ba ma sauka tare. Na buga gilashi na ce Bala ya tsaya, ai na zo da sifana. Na shiga ƙasa na sassauta notin ina cewa yanzu za ta yi laushi. Muka tashi, taurin yana nan, ƙarin da aka samu shi ne motar ta yi ƙasa har salansa tana sharar duwatsu. Muka sake tsayawa na ɗaure notin sama. Motar ta miƙe kamar zakara, taurin yana nan, ga kuma tangaɗi. A garin sauri na murɗa gefe ɗaya fiye da ɗaya, sai ta koma kamar tebur mai doguwar ƙafa guda, tana jan Bala zuwa daji. Duk tsayawar da muka yi, Inna Kulu tana gaba tana cin goronta, ba ta waiwayo ba.

A bakin hanyar nan, kwance a jar ƙasa da jini a baki, na koyi abin da bidiyonku ba ya tsayawa ya faɗa. Noti yana ɗaga mota yana sauke ta, iyakarsa ke nan. Tauri da laushi a jikin sifirin suke, a kaurin ƙarfensa da yawan naɗinsa, kuma dole su dace da nauyin da zai hau da shokazobar da za ta riƙe shi. Da muka iso Yelwa aka buɗe kwandona a tasha, gaban jama'a. Ɗan kamashon tasha ne ya leƙa ya ce wannan ai gari ne, sunan ya kama daga nan. Na yi kwanaki ina zaman tahiya a karkace. Da yamma na goge kalmar Injiniya da kalanzir.

Aikin da ya biyo baya shi ne ya mai da ni makaniki. Na gane ido ba ya auna sifirin, sai an hau shi. Na kafa ƙugiyar ƙarfe a gindin bango, na saƙala bakin wani dogon katakon maɗaci, in sa sifirin a ƙarƙashin tsakiyarsa, in hau ɗaya bakin in zauna in ɗage ƙafafu. Inda katakon ya tsaya, in ja layi a bango da ƙusa. Mai tauri ya tsaya sama, mai laushi ya sauka ƙasa. Masu wucewa suna ganin ƙato da gemu yana lilo shi kaɗai, suna yi mini fatan samun lafiya. Na yi ta gwadawa a motar Inna Kulu, ina zama a baya da kwandon ciyawa da kifi guda a ciki, har na samu wanda yake kai kifi da kansa da wutsiyarsa, kuma Bala bai ɗaga ƙafa sosai a kwana. Notin bututuna na bar shi, don ya yi amfani a inda ya dace. Da damina in ɗaga motar saboda kwazazzabai, da rani in sauke ta, ina bin kusurwa huɗu da sandar awo. Wannan layi na bango na kira shi layin Inna Kulu. Daga baya aka samu layin masu shinkafa, da layin masu fasinjan Shanga. Direbobi suka riƙa zuwa daga Koko, har daga Zuru. Suna tambayar garejin Gari, ana nuna musu.

Sai shekarar da ba ma son tunawa ta zo. Ruwan sama ya ɗauke tun gero bai yi kai ba. Tafki ya ja baya har kututturan itatuwan da ya binne suka fito, masunta suna dawowa da abin da bai isa miya ba. A daidai lokacin kayan gyara na waje suka ɓace daga kasuwa, sabon sifirin ko a Kaduna sai labari. Muka koma tonon juji wurin 'yan gwangwan, a ciro na mataccen mota a sa wa mai rai. Gidan ubana ya dawo kaina, ga nawa iyalin. Tukunya ɗaya ce, hannuwa suka ƙaru. Ni dai na san na huda wa bel ɗina sabon rami da ƙusa, daga baya na ƙara wani, ban kawo komai a raina ba.

A tsakiyar wannan hali sifirin baya na motar Inna Kulu ya karye a gefe guda. Na kwaso tsofaffi na jera, ina hawa katako ina sauka, har na samu biyun da suka kai ni layinta daidai. Na ɗaura, na auna tsayi motar ba kaya, komai ya yi kyau. A shekarar ba mai tafiya da kifi zalla, sai an haɗa da buhun hatsi da fasinja don a rufe kuɗin mai. Kifin da ke cikin motar a tafiyar farko bayan gyaran kuwa, ta daɗe tana tara shi da ɗai-ɗai daga ƙauye zuwa ƙauye, kuma gidaje da yawa a bakin ruwa suna jiran abin da zai dawo da shi. Ba su yi nisa da Wara ba gefen da na gyara ya zauna har ƙarshe. Kowane rami, aksil ya daki jikin mota kamar taɓarya. Bala ya lallaɓa da tafiyar hawainiya, duk da haka kwandunan ƙasa sun tafi.

Ba ita kaɗai ba ce. Motocin da suka fita daga hannuna a watannin nan duk sun koma zaman agwagwa, gindi a ƙasa. Magana ta fara yawo a tasha cewa yunwa ta sa Gari yana sa wa mutane ruɓaɓɓen ƙarfe da sani. Rumfata ta yi shiru. Na sake hawa kowane sifirin da aka dawo mini da shi, kowanne ya kai layinsa cif. Na zargi katakon, na zargi bango ko ya nutse, har na fara tunanin ko wani ne ya yi mini asiri a ƙugiya.

Inna Kulu ta zo, wannan karon ba buhu, ta riƙo hannun Oga Yohanna, wanda idonsa ya fara rauni har ya bar aiki. Ta ce in nuna musu yadda nake yi. Na sa sifirin, na hau, na ɗage ƙafafu, katako ya sauka kan layi. Na ce kun gani. Oga ya shafa ƙarfen, ya shafa ƙugiyar, bai samu laifi ba. Ita kuwa ba ta kalli bango ba ko sau ɗaya. Ni take kallo, irin kallon da take yi wa kifi kafin ta taya. Ta matso ta kama damtsena da yatsu biyu ta saki.

"Yohanna, bar wahal da kanka," ta ce. "Ƙarhe lahiya lau yake. Ma'aunin ne ya rame."

Oga ya yi dariya har sai da ya zauna a kan taya. Ummarun da ya ja layin nan da Ummarun da ke kan katako yanzu ba nauyinsu ɗaya ba. Sifirin da zai sauka har layi a ƙarƙashin ramammen mutum, dole ya fi na asali laushi. Na yi watanni ina zaɓo wa mutane ragwaye, ina rantsuwa da bango.

Da ta tafi, Oga ya gaya mini abin da ya kamata in yi tun farko. In ɗauki lafiyayyen sifirin ɗaya gefen motarta, wanda bai karye ba, in sa a ƙarƙashin katako, in rataya ƙarfe a inda nake zama, in yi ta ƙarawa har ya kai layi. Wannan ƙarfen shi ne tsohon Ummaru. Kafin magariba na haɗa shi, kan mataccen injin jirgin ruwa ne da guntun sarƙa da 'yan ƙarafa da na yi wa walda a jiki. Da shi na sake zaɓar wa motarta sifirin, ta miƙe.

Washegari da hantsi sai ga Bala da babban kwano a naɗe da zane. Tuwon dawa ne, da miyar kuka da kawunan kifi, abin da mutum ɗaya ba zai iya da shi ba ko da gasa ake. Ya ce Inna ta ce ba don ni take yi ba, don kifinta ne, tana gyaran ma'auni, kuma kullum za a kawo har sai na koma layi. Na buɗe baki in ce ai an riga an samu ƙarfe. Ƙamshin daddawa ya bugo ni, na tuna hannuwan da ke jiran tukunya a gida, na rufe bakin. Na ci loma kaɗan, na naɗe sauran na kai gida. Da na dawo na ja tsohon Ummaru zuwa bayan rumfa na rufe shi da yagaggen tamfol.

Haka muka ci sauran shekarar. In aiki ya zo, in jira hanya ta yi shiru in jawo ƙarfen in auna in mayar. Motoci suka daina zaman agwagwa, direbobi suka dawo ɗaya bayan ɗaya, suna cewa tuwon Inna Kulu ya fara aiki. Ita kuma duk ranar da ta biyo ta garejin, sai in sa lafiyayyen sifirin in hau katako da girmamawa, ta dubi bango, ta dube ni, ta ce da saura. Da saura ɗin gaskiya ne, don tuwon da ake rabawa gida biyu ba ya tsayawa a jikin mutum ɗaya. Ba ta taɓa tambayar yadda ramammen ma'auni yake fitar da aiki daidai ba, ni kuma ban ga dalilin tayar da maganar ba.

Damina ta zagayo, Allah ya ba da ruwa, tafki ya dawo gaɓarsa. Wata safiya bayan an fara yankan gero, motar Inna Kulu ta tsaya a bakin rumfata da lodi. Na taso da sauri na nufi katako. Ta ɗaga mini hannu ta taga, ko fitowa ba ta yi ba.

"Ummaru, bar hawa, gero ya iso gida," ta ce. "Wanga ƙarhe da ka ɓoye bayan rumhwa, hiddo shi ya sha iska kada tsatsa ta cinye shi. Ka kuma aiko mani da kwanona."

Bala ya kifa kai a sitiyari kafaɗunsa suna rawa, ya ja mota suka tafi.

Na wanke kwanon da kaina na kai mata har gida. Ƙarfen kuma na fito da shi na rataye a bainar jama'a, shi ke aiki har yau. Bai taɓa ramewa ba, ba kuma wanda ya taɓa aiko masa da tuwo.